Hannun Malam Yahaya da Jirginsa

Malam Yahaya ya daɗe yana koyar da zane da aikin katako a wata makarantar koyon sana'a kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Gyadi-Gyadi. Amma idan ka tambayi dattawan layin, abin da za su fara gaya maka shi ne mutumin yana da jirgin sama. Ƙaramin jirgi ne, buɗin fikafikansa bai wuce faɗin hannuwan mutum biyu a buɗe ba. Shi ya ƙera gangar jikin da katako marar nauyi, ya yi mata fenti fari da ruwan ɗorawa. Injin da kayan rediyon kuwa wani abokin aikinsa ne, ɗan ƙasar Filifin, ya bar masa su lokacin da zai koma gida.

Tuƙin jirgin daga ƙasa ake yi. Mutum yana riƙe da rimot mai doguwar eriya da 'yan sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu. A cikin jirgin akwai risiba, wadda ba ta fi kwalin ashana ba, ita ke kama saƙon rimot ta miƙa wa sarbo, wato 'yan na'urorin da ke jan wutsiya sama ko ƙasa, dama ko hagu. Dukkansu batir ɗaya ke ba su wuta.

A zamanin soja ne ya daina tashin jirgin. Wata Asabar aka tare shi a shingen bincike, aka ga rimot ɗin a kujerar baya, aka zaunar da shi a gindin bishiya tun hantsi har bayan la'asar ana tambayarsa da wa yake magana da wannan na'urar. Ba a taɓa shi ba, daga baya ma aka ba shi haƙuri, amma da ya dawo gida sai ya naɗe jirgin a tsohon zanen matarsa Hajiya Mairo ya ɗora saman durowa. Shekaru suka shuɗe yana can.

Ana saura shekara guda sojoji su sauka, wata safiya buta ta suɓuce daga hannunsa yana alwala. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye. Allah ya sa 'yarsa Safiyyah, wadda nas ce a asibitin koyarwa da ke kusa da su, ba ta riga ta fita aiki ba, ita ta gane abin da ke faruwa ta sa aka garzaya da shi. Ya sha kwanciya, ya sha zaryar sashen gashi, inda ake motsa masa gaɓoɓi. A hankali magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannun ma ya dawo har yana cin tuwo da shi yana gaisawa da mutane, sai dai babban yatsan yakan yi masa nauyi idan ya gaji.

Da aka rantsar da gwamnatin farar hula, damina na kankama, aka ɗauke shingayen kan titin Zariya, sai ya ce a sauko masa da jirginsa. Hajiya Mairo ta ce ina shi ina wasan yara, mutum da furfura. Safiyyah ce ta goya masa baya, ta ce ai likitan gashi da bakinsa ya ce duk aikin da zai motsa yatsun nan alheri ne. Ya shafe makonni a zaure yana wanke inji, yana liƙe inda katako ya saki. Tsohon batirin ya mutu murus, ya aika kasuwar Sabon Gari aka samo masa sabo, ya jona shi a mazaunin tsohon. Duk abin da ya taɓa a rimot, wutsiya sai ta amsa.

Wata yamma da Safiyyah ba ta da aiki suka tafi wani fili a bayan unguwar Babban Giji, inda gine-gine ba su riga sun kai ba. Ƙarar injin ta jawo mutane, har da 'yan acaɓa da suka jingine baburansu. Jirgin ya ɗan yi gudu a ƙasa ya ɗaga, ya wuce saman gonakin masara, Malam Yahaya yana murmushi shi kaɗai. Ya kai shi nesa, ya karkato shi hagu zai dawo, sai jirgin ya yi kamar bai ji ba. Ya ci gaba da karkata, hancinsa ya yi ƙasa. Can sai ya farfaɗo ya daidaita. Gumi ya keto wa Malam. Ya sake zagayowa, a daidai kwana irin ta farko abin ya sake faruwa, wannan karon kuwa jirgin bai farfaɗo ba, ya faɗa cikin masara.

Fiffike ɗaya ya tsage, farfela ta karye. Mai gonar ya taya su nema, ya ƙi ma sauraron haƙurin da suke ba shi, ya ce masara biyu ba komai ba ce. A mota Malam ya ɗora hannun damansa a cinya yana kallonsa.

"Na tura shi, bai tafi ba," ya ce. "Ni a raina na tura, ashe yatsan yana nan a tsaye."

Safiyyah ta ce ba haka ba ne, amma ya juya kai yana kallon titi.

Daga ranar ya canja. Ya daina matsa 'yar ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti. Ranar zuwa gashi ta zo ya ce jikinsa ba daɗi, ta sake zagayowa ya ce mene ne amfanin. Abin da ya fi tsorata shi, kamar yadda ya gaya wa Hajiya Mairo, ba faɗuwar jirgin ba ce. Shi bai ji lokacin da hannun ya ƙi ba. Idan hannu zai iya ɗaukewa mai shi bai sani ba, to wataƙila ciwon ne ke shirin dawowa, wataƙila ma kan ne ya fara taɓuwa. Ya koma karɓar kofin shayi da hannu biyu. Hajiya, wadda da farko ta ƙi maganar jirgin, ita ce yanzu ta shiga damuwa, ta ce da Safiyyah gara wasan yaran da wannan zaman shirun.

Safiyyah ta same shi bayan azahar yana kishingiɗe a zaure, ta zauna a bakin tabarma.

"Baba, ranar nan kowa sama yake kallo. Ni ban kalli jirgin ba sai da na ji an yi salati. Hannunka nake kallo tun da ka kunna, don abin da ya kai ni ke nan. Na ga yatsanka ya tura sandar dama, ya kai ta har ƙarshe, ya riƙe. Sau biyun duka."

Ya ce ya san tana son ta kwantar masa da hankali ne, kuma Allah ya yi mata albarka. Ta ce ita aikinta ne kallon hannun marasa lafiya, kuma ba ta taɓa rubuta wa likita abin da ba ta gani ba, ba za ta fara a kan mahaifinta ba. Ta roƙe shi abu ɗaya, ya bari ta kawo wani ya duba jirgin. Idan an duba ba a ga komai ba, ita da kanta za ta kai shi a sake yi masa hoton kai. Ya ce to.

Wanda ta kawo shi ne Ya'u, ma'aikacin sashen gyaran na'urori a asibitinsu, magidanci mai sanƙo da yawan dariya, mazaunin Unguwa Uku. Tun a bakin ƙofa ya faɗi gaskiya, ya ce shi injin awon zuciya da fitilun tiyata ya sani, bai taɓa ko taɓa jirgi irin wannan ba, sai dai Malam ya koya masa. Wannan maganar ta yi wa Malam daɗi. Ya buɗe cikin jirgin yana nuna masa kowane abu da aikinsa, har ya manta yana jan waya da hannun dama.

Suka fara da gwajin nisa. Aka ajiye jirgin a ƙofar gida, Malam ya maida eriyar rimot ciki don ya rage ƙarfin saƙon, ya yi ta ja da baya yana motsa sanduna har ya kusa kai wa masallacin layin, Ya'u yana tsugune yana ɗaga masa hannu duk lokacin da wutsiya ta amsa. Ba ta ƙi ba ko sau ɗaya. Ya'u ya ɗora mita a kan batir, allura ta nuna a cike yake. Malam ya dawo yana jan ƙafa, ya ce to ga shi nan, jirgi lafiyarsa lau. Fuskar Safiyyah ta nuna ba haka ta so ba.

Ya'u bai sare ba. Tunaninsa ya tafi kan cewa wani sigina ne daga waje yake shiga tsakani, don a 'yan shekarun nan an kakkafa dogayen eriyoyi a Tarauni, ga masu rediyon hannu na oba-oba ko'ina. Ranar Lahadi suka koma filin da jirgin ba fiffike, Ya'u ya zo da wata tsohuwar rediyo mai kama tashoshi da yawa, ya yi ta murɗawa yana saurare a kusa da zangon da rimot ɗin ke aiki. Ba abin da ya ji sai shuu. Suka zare eriyar risiba, wata siririyar waya da ke bi ta bayan jirgin, suka duba ko ta tsinke a ciki, suka tarar lafiya. Suka ciro kiristal, ɗan ƙarfen da ke tsayar da risiba a kan zangonta, suka goge ƙafafunsa suka mayar. Ya'u ya share sanƙonsa ya ce zatonsa bai ci ba.

Sai ya tambayi Malam ya ba shi labarin faɗuwar tun daga farko, kada ya tsallake komai. Malam ya ba da labarin a gajarce, kamar wanda ba ya son tunawa. Ya'u ya ce a'a, a hankali, me hannu yake yi, me inji yake yi. Garin maimaitawa ne Malam ya tsaya a tsakiyar magana. Ya ce duka biyun a kwana ne, kuma a kwana mutum ba abu ɗaya yake yi ba: yana karkata jirgin, yana kuma jan hancinsa sama don kada ya nutse, inji kuwa a buɗe, iska tana danne wutsiya da ƙarfi. Su kuwa duk gwajin da suka yi, gefe ɗaya kawai yake tura sanda a lokaci guda, inji a kashe, wutsiya ba abin da ke danne ta.

"Wato ba mu taɓa ba shi aiki mai nauyi ba," in ji Ya'u. "Mu ma a asibiti akwai injin da zai yi ta aiki a kan teburina, sai an kai shi kan mara lafiya ya ɗauke."

Suka sake shiri. Wannan karon Ya'u bai ɗora mitar a kan batir ba, ya jona ta a bakin risiba, inda wutar ke isa bayan ta bi ta makunni da wayoyinsa. Aka tada inji, Safiyyah ta durƙusa ta riƙe jirgin gam, hayaƙin mai yana bugun hijabinta. Ya'u ya sa yatsu biyu ya ɗan danne wutsiya kamar yadda iska za ta yi. Sai Malam ya miƙa masa rimot ɗin, ya ce shi ya tura, don kada a ce hannu ne. Ya'u ya ce hannunsa biyu duk a cike suke. Safiyyah ma haka. Dole Malam ya riƙe abinsa.

Ya tura sandar gefe, ya ja ta baya a lokaci guda. Allurar mita ta faɗo kamar an sake ta. Wutsiya ta tsaya cak a karkace, ta yi ɗan rawa, sannan allura ta koma sama, wutsiyar ta bi umarni. Malam ya kalli yatsansa. Yana can ƙarshen sandar, ya danne ta har farcen ya yi fari. Ya saki ya sake turawa, abin ya sake faruwa. Ya yi ta maimaitawa, idonsa na kai-komo tsakanin yatsan da wutsiyar, har Ya'u ya ce a kashe inji haka nan kada ya yi zafi.

A nan filin suka bi wayoyin. Batirin sabo ne, amma makunnin da wayoyin da suka taso daga gare shi zuwa risiba tsofaffi ne, suna manne a can cikin gangar jirgin tun ranar da aka ƙera shi. Daga waje ba su da aibu. Ya'u ya feɗe robar jar wayar, tagullar ciki tana ƙyalli. Ya feɗe ta baƙar, sai ga tagullar ta koma baƙi ƙirin kamar gawayi, yana murza ta tana zuba. 'Yan silili kaɗan ne suka rage a haɗe. Ya ce tsohon batirin da ya yi shekara da shekaru a jone ne ya yi ta tsatsafo da guba tana bin wayar ta ciki. Wuta kaɗan tana iya wucewa, shi ya sa komai ke amsawa a ƙofar gida. Amma da sarbo biyu sun nemi wuta tare, ga girgizar inji, sai hanyar ta gaza, risiba ta ɗauke na ɗan lokaci, jirgi ya zama ba mai tuƙi.

Malam ya karɓi guntun wayar ya juya shi a tafin hannunsa. Ya miƙa wa Safiyyah rimot, ya cire hularsa ya ajiye a kan ciyawa, ya fuskanci gabas ya yi sujada a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago akwai taɓo a goshinsa, idonsa ya yi ja.

"Safiyyah, kin gaya mini gaskiya na ƙi ji. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini."

Ta ce amin, tana goge ido da gefen hijabi. Ya juya ga Ya'u ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce shi bai san da bakin da zai gode masa ba, mutum ya bar iyalinsa ranar hutu ya zo yana tsugune a rana saboda abin wasan tsoho. Ya'u ya yi dariya ya ce ai Malam ne ya gano kwanar, shi mita kawai ya riƙe, kuma ladansa ɗaya yake so, a koya masa tuƙi.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ya'u ya kawo sabon makunni da waya mai kauri, ya ce a zubar da tsohuwar gaba ɗaya, don irin wannan cin ba ya tsayawa inda ido ya gani. Shi ya riƙe wayoyin, Malam ya liƙe su da dalma. Suka naɗe risiba da batir a cikin soso saboda girgiza, suka raba eriya da sauran wayoyi. Fiffiken ne ya ci makonni, don Malam ya ce ba zai yi masa aikin gaggawa ba. A tsakanin nan ya koma gashi da ƙafarsa. Safiyyah ta dage sai da aka sake auna jininsa aka duba shi sosai duk da haka, likita ya ce ba sabon abu, ya ci gaba da shan magani.

Ranar da suka koma filin, hadari yana haɗuwa ta gabas, Hajiya Mairo ma ta biyo su, ta zauna a mota ta buɗe ƙofa. Kafin a tashi sai da suka maimaita gwajin nan mai nauyi, allura ba ta motsa ba. Jirgin ya ɗaga. Da ya isa wurin kwana Malam ya karkata shi, ya ja hancin, jirgin ya zagayo sumul ya wuce ta saman kansu. Ya sake kai shi ya dawo. Ya yi ta zagaye har Ya'u ya tuna masa mai zai ƙare.

Saukar ba ta yi kyau ba. Yatsan ya gaji, ya makara wajen ɗaga hanci, jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Safiyyah ta dube shi da sauri. Shi kuwa dariya yake yi.

"Wannan kam ni ne," ya ce. "Na ji lokacin da ya yi nauyi. Gobe sai in sauko da wuri."

Iska ta taso, aka fara yayyafi. Suka kwashi kaya a guje, Ya'u ya rungumo jirgin ya rufe shi da rigarsa, Malam yana biye yana cewa a yi hankali da wutsiya. Kafin su hau titi ruwa ya sauko sosai. Hajiya Mairo ta ce ba inda Ya'u zai tafi a wannan ruwan, ta bar dambu a kan wuta, sai ya ci. Ya ce babur ɗinsa yana Gyadi-Gyadi ai, ko bai so ba can zai koma. A hanya Malam ya fara yi masa darasin farko, yana zana kwana a iska da hannunsa, Safiyyah tana tuƙi a hankali saboda ruwan da ya cika kwalbati ya malalo kan titi.